Yadda ake zana kujerar silima mai motsi ba tare da ta tare wa na baya ba

Wani ɗalibin injiniyanci ya rubuto mini cewa ya shiga ɗakin silima mai kujerun da ke motsi, ya fito da ƙorafi biyu. Na farko, kan mutumin da ke gabansa ya yi ta shiga yana fita a ƙasan allo, rubutun fassara yana ɓace masa. Na biyu, ya fito da jiri da tashin zuciya. Sai ya tambaya: me zai hana a ƙera kujerar da kowa zai danna maɓalli ta ɗaga shi daidai tsawonsa ya ga allo sarai, sannan ita dai kujerar ta riƙa jijjiga shi daidai da abin da ke faruwa a fim? Ya ce wannan yake so ya ɗauka a matsayin aikinsa na kammala karatu.

Malam, tambayarka ta yi kyau, kuma na ji daɗin yadda ka haɗa abubuwan biyu wuri ɗaya, domin masu zane da yawa raba su suke yi, daga baya su yi da-na-sani. Gani da motsi kishiyoyi ne a wannan aiki. Duk santimitar da ka ba kujera ta motsa, daga idon wani ka ciro ta. Saboda haka kafin ka taɓa ƙarfe ko ka sayi inji, fara da ido.

Mutum in ya zauna, idonsa yana tashi daga ƙasa kamar mita 1.1 zuwa 1.2. Daga idon zuwa tsakiyar kai kuma akwai kusan santimita 12. Wannan 12 ɗin ita ce jarin mai zanen ɗakin kallo. Ka ja layi daga idon na baya zuwa gindin allo, wurin da rubutun fassara yake zama. In layin ya wuce saman idon na gaba da santimita 12, ya tsallake kansa ke nan. In 6 kaɗai ka samu, sai ka karkata jerin kujerun yadda kowa zai leƙa ta tsakanin kawuna biyu. Wannan lissafi ya tsufa: wani injiniya ɗan Sikotlan, John Scott Russell, ya tsara shi tun wajen 1838 don ɗakunan lacca, kuma har yau da shi ake zana filayen ƙwallo.

Bari mu sa lamba. A ce idon mutumin wani layi yana da nisan mita 8 daga allo, kuma ya ɗara gindin allon da rabin mita. Tazarar layi da layi mita 1.4, domin kujerar motsi tana cin fili fiye da ta kullum. Don na bayansa ya samu santimita 12 ɗin nan, sai ka tara 0.5 da 0.12, ka ninka da 9.4, ka raba da 8. Za ka samu kusan 0.73, wato matakalar ta tashi da santimita 23. Ka maimaita wa layi na gaba, za ka samu kusan 25, na bayansa 26. Ka ga matakalun ba su zama ɗaya ba, suna ƙara tsawo yayin da ake yin baya. Ɗakin kallo mai kyau in ka yanka shi a gefe, ƙasansa kamar cikin ƙwarya yake, ba kamar tsani ba. Magina suna son matakala iri ɗaya don saukin katako da kankare, kuma a nan ake yawan cutar layukan baya.

To, yanzu ga kujerarka mai maɓalli. Gajere ya danna, ta ɗaga shi santimita 10, ya ga allo. Amma santimita 10 ɗin nan daga cikin 12 na mutumin bayansa ya ɗebo su. Shi ma sai ya danna, na bayansa ya danna fiye da haka, kafin a kai layi na biyar kujera ta ƙure, ƙafafun mutane suna lilo. Kana iya gyara wannan da dabara guda: kujerar ta kai kan kowa tsayi ɗaya da aka ƙayyade wa layinsa, kada ta wuce. Gajere ya hau, dogo ya zauna a ƙasa, kawuna su daidaita. Wannan tunani ne mai ma'ana, kuma in ka bi shi, dole matakin ƙafa ya hau tare da mazauni, in ba haka ba bakin kujera zai danne bayan cinya, ƙafa ta mutu kafin rabin fim. Amma ka sani silimomi sun daɗe da magance wannan da matashin da ake ba yara su ɗora a kujera. Ni dai ban ga dalilin sa inji inda matashi ya wadatar ba.

Inda motsa mutane don su gani ya yi nasara sosai, jama'a ake ɗauka gaba ɗaya. A Disney California Adventure, wani wurin shaƙatawa a Amurka, a 2001, an buɗe wani wasa mai suna Soarin'. Mutane suna zama a ƙasa a layuka uku, ɗaya bayan ɗaya. Da an fara, sai hannuwan ƙarfe su ɗaga layukan su tura su cikin wani ƙaton allo mai kama da rabin tulu, layin gaba ya koma can sama, kimanin mita 12, sauran su jeru a ƙarƙashinsa. Layukan da ke bayan juna sun koma saman juna, babu ƙeyar kowa a gaban kowa. Injiniyan da ya fito da dabarar, Mark Sumner, da ƙarafunan wasan yara ya fara haɗa samfurin, kuma ina so ka riƙe wannan. Akwai kuma masu juya ɗakin baki ɗaya: a Tampere ta ƙasar Finlan akwai dandalin wasan kwaikwayo na fili da mazaunin 'yan kallo yake juyawa tun 1959, a Holan kuma tun 2010 an mai da wata rumfar jiragen sama ɗakin wasa inda mutum sama da dubu suke zaune kan faifai guda, yana juya su daga wannan fage zuwa wancan. A duk waɗannan, matsayin kanka da na maƙwabcinka bai canja ba, shi ya sa gani bai lalace ba.

Yanzu mu zo ga abin da ya same ka. Tsarin kujerun motsi na 4DX, wanda kamfanin CJ na Koriya ta Kudu ya fara a birnin Seoul a 2009, yawanci kujeru huɗu yake ɗorawa kan gindi ɗaya, kuma motsi uku yake yi: hawa da sauka, sunkuyawa gaba da baya, da kishingiɗa dama da hagu. Ka lura da na ukun. Benci mai mutum huɗu in ya karkata, na tsakiya ba su cika motsawa ba, amma na bakin, wanda yake kamar santimita 90 daga tsakiya, a karkatar digiri 5 kawai zai hau kusan santimita 8, na ɗaya bakin kuma ya sauka 8. In bencin gabanka yana daidai saitin naka, ku biyu tare kuke hawa, tare kuke sauka, babu asara. Amma in an goce jerin don leƙe ta tsakanin kawuna, kai kana bakin dama na naka, na gabanka yana bakin hagu na nasa, to lokacin da kake sauka shi hawa yake yi. Bambancin ya doshi santimita 16, alhali 12 aka tanadar maka. Ina kyautata zaton irin wannan ne ya riƙa cinye maka rubutun fassara. Haka ma a tsarin D-BOX na Kanada, wanda shi ma ya shiga silima a 2009: can kowace kujera da injinta, kuma mai zama yana iya rage ƙarfin motsi ko ya kashe shi, don haka kai kana tsaye cak, na gabanka yana hawa da sauka.

Shi ya sa a ɗakin motsi nake ƙin tsohuwar dabarar leƙe ta tsakanin kawuna. A jera bencina saitin juna, a kuma ɗaga ratar daga 12 zuwa wajen 20. Wannan yana da tsada, kada in ɓoye maka. A misalinmu na ɗazu matakalar farko za ta tashi daga 23 zuwa 32, kuma bayan layi goma, na ƙarshe ya ƙara tsayi fiye da mita ɗaya. In rufin ginin bai kai ba, gara a rage layuka. In kuma a ƙasarmu za ka gina, ka tuna littattafan da kake karantawa kan da ba hula suka auna. Mai zanna bukar ko mai ɗaurin gwaggwaro ba zai cire don ya shigo kallo ba, sai ka auna da su a kai.

Akwai kuma layin gaba. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kada mutum ya ɗaga ido fiye da digiri 35 kafin ya ga saman allo. Kujerar da ta sunkuya gaba digiri 6 ta mai da 35 ɗin 41, wuya ya ɗauki sauran. Sai a ja layin farko baya. Masu tabarau na fim mai zurfi (3D) kuma, karkata kai gefe yana ɓata musu hoto, wani dalilin ke nan na taƙaita kishingiɗa.

Batun jiri shi ne inda aikin yake da daɗi, kuma a nan nake so ka daɗe.

A can cikin kowane kunne akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, su ne suke jin juyawar kai. Kusa da su akwai 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi kwance kan gashi mai laushi, su kuma suna jin turi da nauyi. Abin da ya ba mu damar yin wannan sana'a gaba ɗaya shi ne tsakuwoyin nan ba sa bambance karkata da turi. Mota ta figa da kai, tsakuwoyin su zame baya. An kwantar da kujerarka baya kana tsaye wuri ɗaya, su zame baya. Saƙo ɗaya ne yake isa ƙwaƙwalwa. Karkatar digiri 6 tana ba jiki turin da ya kai kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, digiri 10 kuma kusan kashi 17 cikin ɗari. Motar da ta tashi daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa goma, turinta bai wuce kashi 28 cikin ɗari ba. Ka ga da 'yar karkata kaɗan, in ido yana ganin hanya tana gudu, mutum ya yarda tafiya yake.

Sai dai bututun nan uku suna gadi. In ka karkata kujerar da sauri za su ji juyawa, asiri ya tonu. Masu kera na'urorin koyon tuƙin jirgin sama sun daɗe da sanin cewa ƙasa da kimanin digiri 3 a daƙiƙa, yawancin mutane ba sa lura. Don haka motsi mai kyau kashi uku ne. Da farko ɗan bugu gajere mai kaifi, daidai lokacin da abin ya faru, domin jiki farkon motsi ya fi ji. Sannan karkata a hankali da za ta riƙe jin turin. Sannan, a ɓoye, kujerar ta sulale ta koma tsakiya, don ta samu filin bugu na gaba. Wannan komawar ta ɓoye ita ce gwanintar. Kujerar da tafiyarta ba ta wuce tafin hannu ba tana iya sa mutum ya ji ya faɗo daga bene, muddin ta iya komawa ba a ji ba.

Ka kula da inda kujerar take juyawa, domin nan na ga ɗalibai suna faɗuwa. Abu mafi sauƙi shi ne a sa maƙalar a ƙasan mazauni. Amma kai yana sama da ita da kusan mita ɗaya, don haka karkatar digiri 6 tana jan kai baya santimita 10. Kana so mutum ya ji an tura shi gaba, amma abin da kansa ya fara ji shi ne an fizge shi baya. Saƙon farko ya zama ƙarya, ido kuma ya bar wurin da ka lissafa masa. In ka tsara hannuwan yadda mazauni zai ɗan zame gaba yayin da jingina take kwantawa, sai cibiyar juyawar ta hau zuwa wajen ƙirji ko kai. Ido ya zauna wuri ɗaya, kunne ya samu saƙo mai tsabta, na baya ma ya huta. Da ni ne kai, wannan kaɗai zan mai da aikin kammala karatuna.

Wani bambanci da ba a cika faɗa ba: a wasan Star Tours, wanda wurin shaƙatawa na Disneyland ya buɗe a 1987, mutum 40 suna cikin akwati rufaffe bisa jak shida, irin na koyon tuƙin jirgi, kuma allon yana cikin akwatin, yana karkata tare da su. Ido ba shi da abin da zai kama ya gane an karkata shi. A silima kuwa allo a kafe yake a bango. In mutum yana ganin gefen allo, da fitilar ƙofar fita, da bango mai haske, ido zai gaya wa ƙwaƙwalwa gaskiya. Shi ya sa baƙin bango da allo mai cika ido suke ƙara wa kujera ƙarfi fiye da ƙarin inji.

Jirin da ka ji daga saɓanin ido da kunne ya fito: ɗaya ya ce ana tafiya, ɗaya ya ce ana zaune, ko ɗaya ya riga ɗaya. Abu biyu ne suka fi haddasa shi. Na farko lilo mai jinkiri. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka a shekarun 1970 sun nuna hawa da saukar da ke maimaituwa sau ɗaya a kowace daƙiƙa biyar ko shida shi ya fi kawo amai, irin na jirgin ruwa ke nan. In fim ya nuna teku, mai tsara motsi yakan so ya bi igiyar ruwa daidai, kuma wannan kuskure ne: ya ba da alama sau biyu ko uku ya saki. A ɗaya gefen kuma, karkarwar sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa ita ce kayan cikin mutum suke amsawa, ba a daɗewa a kanta. Na biyu makara. Fim hoto 24 yake nunawa a daƙiƙa, kowane hoto kusan kashi 42 cikin dubu na daƙiƙa, kunne kuma ya fi ido saurin kai rahoto. Ni ba na yarda bugu ya makara fiye da hoto ɗaya ko biyu, kuma na fi son ya ɗan riga hoton da ya biyo bayansa.

Motsin nan mutane ne suke rubuta shi, suna kallon fim suna bi hoto bayan hoto. Tambayar da suke fama da ita ita ce: jikin wa kujerar take wakilta, na mai ɗaukar hoto ko na jarumi, na mai duka ko na wanda aka daka? Wanda ya kasa tsayawa kan ɗaya sai ya yi ta girgiza mutane a kan komai. Ni kuwa ina ganin mutum biyu in suna hira a fim, kujera ta yi shiru. Jiki yana sabawa da motsi cikin 'yan mintoci, kuma bugun da ya zo bayan shiru ya fi goma da suka zo a jere. Sha'awar wuce gona da iri tsohuwa ce a wannan fage. Tun farkon shekarun 1900 a Amurka aka riƙa zaunar da mutane a taragon jirgin ƙasa na bogi ana jijjiga su. A 1974 kuma tsarin Sensurround ya yi amfani da manyan lasifikoki masu rugugi don fim ɗin girgizar ƙasa, har filasta ta riƙa zubowa daga rufin wata shahararriyar silima a Hollywood, sai da aka ɗaura raga.

Batun inji ba zan daɗe a kai ba. Haidurolik irin na tifa yana da ƙarfi, amma ga yoyon mai ga ƙugin famfo. Mai aiki da matsin iska, kamar na tsarin kujerun motsi na MX4D, yana bukatar kwamfuresa a wani ɗaki daban, kuma iska tana matsuwa, don haka tsayar da ita daidai wuri yana da wuya. Jak na lantarki shi ya fi biyayya da shiru, shi zan ba ka shawara. Ƙafa shida ba dole ba ne, uku sun isa silima. Ka lissafa mutum huɗu a kilo 400 ban da nauyin benci, ka tuna nauyin da ke motsi ya fi na zaune dukan daɓe, kuma in bene ne, rugugin zai sauka kan na ƙasa sai an sa roba a ƙarƙashi. A bar sifirin ya ɗauki nauyin zaman, inji ya ji da motsi kawai.

Tsaro kuwa ba a ciniki a kansa. Bencina biyu da ke maƙwabtaka, bakin ɗaya yana sauka na ɗaya yana hawa, almakashi ne. A bar tazara, a rufe ta da roba mai naɗewa yadda yatsan yaro ba zai shiga ba. A wurinmu ka ƙara da babbar riga da hijabi da mayafi, waɗanda suke zubowa har ƙasa, daidai inda hannuwan ƙarfe suke aiki. Ƙurar hunturu in ta haɗu da giris tana cin boris, don haka a rufe komai ruf. Wuta kuma in ta ɗauke ana tsakiyar karkata, ko ƙararrawar gobara ta kaɗa, dole kujera ta sauko ta daidaita da kanta ba tare da jiran janareto ba, domin mutane su samu hanyar fita a cikin duhu. A ware wasu kujeru marasa motsi masu gani mai kyau, ba a can kusurwa ba, saboda mai juna biyu da tsoho da mai ciwon baya da mai keken guragu.

Ga yadda zan so ka fara. Ka haɗa kujeru biyu da katako, ɗaya gaban ɗaya, a kan matakalar da ka lissafa. Ka zana layi a bango a matsayin gindin allo. Ka ɗaure wayarka a sanda daidai inda idon na baya zai kasance, ka zaunar da abokinka mafi tsawo a gaba da hularsa, mutum biyu su riƙa karkata kujerun da hannu zuwa iyakarsu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In layin bangon ya ɓace a bidiyon ko sau ɗaya, ka koma kan lissafi. In ya tsaya, sai ka rufe wa wanda ke zaune ido da ƙyalle, ka karkata shi a hankali kana auna digiri da daƙiƙa, ya ɗaga hannu da zarar ya ji motsi. Ka gwada mutum goma ko fiye, maza da mata, manya da matasa, da maƙala a ƙasa sannan da cibiyar juyawa a sama, ka rubuta abin da kowa ya ji. Da waɗannan lambobin za ka san tsawon tafiyar jak da saurin da kake bukata, sannan ka je kasuwa.